Abin da aka tattauna kan ɗaukar hoton tsuntsaye a dausayin Hadeja-Nguru

Maganar da masu ɗaukar hoto suka yi ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda gilashi (lens, wato idon kyamara) ya fi jikin kyamara muhimmanci. In ƙarfin jawo nesansa bai kai milimita 400 ba, tsuntsu zai fito kamar ɗigon tawada. Mai tashi yana buƙatar saurin ɗauka na 1/2000 na daƙiƙa, na zaune kuwa 1/500 ta isa.

2. Ƙurar hunturu ce aka fi daɗewa a kanta, kuma da gaskiyarsu, don lokacin ne baƙin tsuntsaye ke saukowa daga Turai. Kada a sauya gilashi a fili. A fara hure ƙurar da robar hura iska kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba yashi ya karce gilashin. Mai zargin sensarsa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) ta yi datti ya ɗauki sararin sama a f/16, wato a tsuke ƙofar haske, tabon zai fito ɓaro-ɓaro.

3. A ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wasu da manhajar Lightroom suke gyara shi, wasu darktable don kyauta ce.

4. Nan aka rabu. Wajen gyaran hoto wasu na share reshen da ya tare tsuntsu, wasu sun ce ha'inci ne sai in an faɗa. Hazo ma haka: wasu na rage shi, wasu sun ce shi ne kamannin wurin.

5. Wanki. Hoto ya fito da duhu a takarda? Hasken allon kwamfuta ne ya yi yawa, a rage shi. A aika ɗigo 300 a kowane inci, a wanke ƙarami a duba da hasken rana kafin a biya kuɗin babbar takarda ta A3. Mafi yawa sun zaɓi takarda marar sheƙi don ba ta ɗaukar ido a bango.