Masaƙun Kakuri da dukancin Kano: me kuka gani da idonku?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta daina aiki a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta Kaduna ma ta rufe ƙofa a 2007, kuma unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai a Kano sun yi tsit idan aka kwatanta da da. Ina roƙon waɗanda suka yi aikin masaƙa, ko dukanci, ko kasuwancin atamfa, su faɗa mana abin da suka gani da abin da zai ceci ragowar.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kaduna: Wa'alaikumus salam, Malam. Na yi aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, a zamanin da idan aka tashi canjin aiki titi kan cika da kekuna da masu sayar da abinci har mota ta rasa hanya. Mutane suna ɗora laifin duka a kan kayan waje, amma ciwon ya fara ne tun daga cikin gida. Ba a rini sai da tururi, tukunyar tururi kuwa baƙin mai take sha, kuma da baƙin man ya yi wuya, wutar lantarki ta zama sai an gani, sai ya kasance ana ɗauke wuta yadi yana cikin inji, launi ya ɓaci, a mayar da dila guda kayan araha. An sallame mu, kuma da yawa daga abokan aikina sun rasu ba su karɓi kuɗin sallamarsu ba, Allah ya jiƙansu. Rancen naira biliyan 100 da aka ware ta hannun Bankin Masana'antu ya taimaka, amma kuɗin da zai ƙare a sayen dizal ba ya tayar da masaƙa. A fara gyara wuta.

'Yar kasuwa, Kantin Kwari: Baba, Allah ya saka da alheri, gaskiya ka faɗa. Mu ma ba ƙin kayan gida muke yi ba. Zanen da ya karɓu a yau, kafin a jima an kwaikwayo shi a ƙasar Sin, ya shigo ta Kwatano ko ta Maraɗi a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. Uwar da ke haɗa wa ɗanta lefe tana shafa turmin gida, ta yaba ƙarfinsa, sannan ta ɗauki mai sauƙin kuɗi. Ko da Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a 2019, kayan ba su yanke ba, tsada kawai suka ƙara.

Baduku, Ƙofar Wambai: Hajiya, namu ya fi ban takaici, domin fatar a gida take. Fatar akuya da ta tumaki mafi kyau da ake jemewa a masana'antun Challawa da ke Kano Turai ake kai ta, ƙirgin shanu kuma masu ganda sun riga mu saye, ga tafin takalmi da gam duk daga waje suke zuwa. Na taɓa samun aikin takalman 'yan makaranta daga wata makarantar kuɗi, kuma a wannan zangon na ɗauki yara masu koyo, na sayi keken ɗinki na biyu. Da gwamnati za ta cika umarninta na 2017 na fifita kayan gida, takalman sojoji da na 'yan sanda da na masu yi wa ƙasa hidima kaɗai sun isa su riƙe mu da 'yan'uwanmu na Aba.

Manomi, Funtuwa: Ku sa mu a lissafi. Na daina noman auduga na koma masara da waken soya saboda rashin ingantaccen iri da rashin tabbacin mai saye. Idan masaƙa za ta yi mini alƙawarin farashi tun kafin shuka, bana ma zan ware mata gona.