Lissafin awanni ya haɗa ni rigima da ɗan kwangila, a taimaka

Salam yan uwa. Tun da kawuna ya yi rashin lafiya bara ni ke kula da injin kwaɓa simintinshi nan Ƙofar Ƙaura, kuma ni ba sana'ata ba ce dama dinki nike, ƴaƴanshi ne duk suna makaranta shi yasa abin ya faɗo kaina. Haya muke badawa dubu 6 duk awa. Wani ya ɗauka zuba dekin a Batagarawa, Litinin 7:40 na safe zuwa 1:15, Talata 8:50 zuwa 4:05. Na buga a kalkuleta 13.15 a cire 7.40 ya ba ni 5.75, na Talata 7.55, kuɗi 79,800. Shi ya ce awa 5.35 ne da 7.15, wai 75,000, har yana ce min ɓarawo gaban leburori. Kawu bai sani ba tukuna. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Ƙofar Sauri: Ku biyun duk kun ɓata. Awa minti 60 ce, kalkuleta kuma da 100 take aiki, shi yasa taka ta yi sama tashi ta yi ƙasa. 7:40 zuwa 8:00 minti 20, zuwa 1:00 awa 5, sai 15, ka ga awa 5 da minti 35. Ya samu wannan daidai, inda ya kwafsa shi ne rubuta 5.35, don 35 cikin 60 kusan 0.58 ne. Mai da komi minti ka huta: 335 da 435, 770 kenan, minti ɗaya naira 100. Kuɗinka 77,000, ba ƙari ba ragi.

Maman Yara: Hmm irin abin da aka yi min kenan ina lesin ɗin yara a GRA, minti 45 matar ta riƙa biya na kamar rabin awa, wata huɗu, da na yi magana ta ce ai ina cin abinci gidan. Allah ya isa ban yafe ba.

Birkila: Ku tsaya, ba a kashe injin ba da azahar? Nasan in ana dekin ba a cika tsayawa ba amma ranar Talata har 4 fa?

Mai tambaya: An kashe, gas ma ya ƙare an je saye, amma ai injin na wurinshi. Kuma haka kawu ke bugawa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Ɗan Ƙofar Sauri: To kawu ma kuskure yake, Allah ya ba shi lafiya. In injin na da mitar awa ka duba, lambar ƙarshen nan kowace ɗaya minti 6 ce.

Baban Gida: Ɗana karɓi 75 ɗin ka rufe baki, dubu 2 ba ta kai ka rasa kwastoma ba. Gaba ka yi jinga da yini kawai.

Ɗan Ƙofar Sauri: A'a Baba, haƙƙin mara lafiya ne, shi ba shi da ikon yafewa.

Mai tambaya: Mitar ta daɗe da mutuwa. Ni dai na riga na rubuta 79,800 a rasit, in na canza yanzu ai na yarda ni ɓarawon ne kenan.

Birkila: Har yanzu ba ka faɗa mana ba, gas ɗin wa ya saya?