Murfin lambar mota: wa aka taɓa tsayarwa a kansa?

Baban Sadiq, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Lambar motata ce ta fara koɗewa, shuɗin rubutun ya soma komawa fari-fari saboda rana da wankin yau da gobe. Wani mai sayar da kayan kwalliyar mota ya nuna min murfin roba mai ɗan duhu kamar gilashin tabarau, ya ce in na ɗaura ba za ta ƙara lalacewa ba. Na saya. Kwana tara tsakani aka tsayar da ni a hanyar Zariya. Jami'in bai ɗaga min murya ba, ja ni ya yi baya kamar taku goma sha biyar, ya ce in karanta masa lambar. Wallahi haruffa ukun farko kawai na iya gani, sauran ƙyallin rana ya shanye su a jikin robar. A nan na kwance murfin da hannuna, aka rubuta min takardar tara.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne kullum ina ganin manyan motoci suna wucewa da lamba a rufe ruf da baƙar fata. Dokar ta hau kan kowa ne, ko akwai waɗanda aka yarje wa? Wanda abin ya taɓa faɗa masa ya ba mu labari.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Na yi shekara 11 ina tuƙa wani mai riƙe da muƙami. Abin da aka koya mana shi ne, in maigida ba ya cikin mota, a naɗe tuta a sa ta a kube, a rufe tambarin ofishinsa. Ba a taɓa cewa mu ɓoye lambar rajista ba. Daga baya ne kowa ya ara ya yafa: ɗan kwangila, yaron ɗan siyasa, har wanda ya sayi jif jiya, duk a ɗinko fata a lulluɓe lamba don a ɗauka wani ne. A gabana na sha ganin an ɗaga musu hannu a shinge sun wuce, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ɗaga hannu daban, halasci daban.

Maman Hanifa, Kaduna

Ni kam wannan magana ba ta kwalliya ba ce a wurina. Bara, bayan sallar la'asar, ɗana mai shekara tara yana dawowa daga Islamiyya wata baƙar mota ta buge shi a bakin layinmu, ba ta tsaya ba. Mai shayin gefen titi ya bi ta da gudu, wani mai adaidaita ma ya ɗauki hotonta a waya. Hoton yana wurina har yau. Motar ta fito tangaram, har da ɗan lotsawar da ke bambarta ta baya, amma wurin lamba baƙar fata ce kawai da wani tambari mai ruwan zinare.

Da mahaifinsa ya kai ƙara, tambayar farko da aka yi masa ita ce lamba. Ba mu da ita. Irin wannan motar kuwa ta fi a ƙirga a garin nan. Yaron ya yi wata biyu da ƙarfe a cinya, sarƙata ta aure na sayar muka biya aiki. Alhamdulillahi yana tafiya, sai dai yana ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo. Ban ce mai motar ya rufe lambarsa don ya buge ɗana ba ne, amma na tabbata da a buɗe take da ya yi tunani sau biyu kafin ya taka mai.

Abu Fatima, Abuja

Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Baban Sadiq, nima na taɓa biya. Ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012, waɗanda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke aiki da su, sun wajabta lamba gaba da baya, a kuma iya karanta ta sarai. A lokacin da aka kama ni, laifin lamba naira 3,000 ne da makin laifi 3 da ake rubuta wa direba a kan lasisi. 'Yan sanda ma sun sha nanata haramcin, musamman gab da zaɓen 2023, inda suka haɗa rufe lamba da jiniya ba izini a jerin abubuwan da aka hana.

Ga wani bambanci da ya shafe ka kai tsaye. A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta hana FRSC cin tarar direba don lambarsa ta koɗe. Hukuncin kan koɗewa yake, bai shafi murfi ba. Ka ga ke nan murfin da ka saya don kare lambar shi ya jefa ka cikin laifin.

Ɗan Birnin Ingila

A nan lambar gaba fara ce, ta baya rawaya, kuma kyamarori ne ke karanta su dare da rana. Lambar da ba ta karantuwa tararta na iya kaiwa fam 1,000, motar kuma ta faɗi gwajin lafiyarta na shekara. Ni laka ce kawai ta rufe min ta baya a lokacin hunturu, ɗan sanda ya tsayar da ni, sai da na goge ta tas a gabansa sannan ya bar ni na tafi.

Abu Turab, Jidda

Mu nan kyamarorin Sahir ne a kan tituna, wato na'urorin hukuma masu ɗaukar lambar duk motar da ta karya dokar hanya. Wani maƙwabcina ya manna ɗan salatif a kan harafi ɗaya don ya tsere musu, da aka kama shi tarar ta fi albashinsa na wata.

Baban Sadiq, Kano

Maman Hanifa, tun da na karanta naki jikina ya yi sanyi. Allah ya ba yaron lafiya, ya mayar miki da abin da kika kashe. Murfin yana nan a but ɗin mota, da niyyata in bai wa ƙanena, yanzu na fasa. Ranar Litinin in sha Allahu zan je ofishin lasisi in nemi a sake min lambar.