Ni ina ganin fayil 23 a kundina na PDF, su suna ganin shafi ɗaya

Malamar Hausa, Gyallesu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta a agaza min, kaina ya ɗaure. Ina neman ƙarin girma a wurin aiki, an ce kowa ya tura takardunsa ta imel kafin Juma'a. Tun shekarun baya ƙanena ya haɗa min nawa wuri ɗaya da manhajar Acrobat X, irin kundin nan da ake kira PDF Portfolio: takardun shaidar karatu, takardar ɗaukar aiki, maƙaluna da sauransu. Duk abin da na samu sabo sai in ƙara a ciki, yanzu fayil 23 ne. A tsohuwar kwamfutata, in na buɗe, kowace takarda tana fitowa kamar kati, da launi, da hotona a sama. Na tura ranar Litinin. Jiya sakataren kwamiti ya kira ni, wai shafi ɗaya tak ya gani, da rubutun Turanci mai cewa a buɗe da Acrobat X ko wanda ya biyo bayansa. Na gwada a wayar maigida, haka ne. Na gwada a kwamfutar ofis, fayilolin sun fito amma a jere kawai, babu launi, babu hoto, jerin ma ba yadda na tsara ba. Takardun sun lalace ne, ko bairos ne?

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malama, duba nauyin fayil ɗin da kika tura. In ya kai megabait da yawa, komai na nan, shafi ɗaya ba zai yi wannan nauyin ba.

Malamar Hausa, Gyallesu: Megabait 19 ne.

Mai shagon buga takardu, Samaru: To Malama, kwantar da hankalinki, babu abin da ya ɓace, babu bairos. Lokacin da ɗalibai ke gama furojet, kusan kowane mako sai an kawo min irin wannan.

Kundin nan ba takarda ba ce, ambulan ne. An zuba fayil 23 a ciki, an liƙa shafi ɗaya a bango. Manhajar da ta san yadda ake buɗe ambulan ɗin za ta nuna abin da ke ciki. Wadda ba ta sani ba, irin yawancin na waya da mai duba fayil na cikin imel, bangon kawai take gani, shi ne rubutun da sakatarenku ya karanta miki. Bai yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi ba.

Katin da launin da kike gani kuwa, wannan aikin Flash ne. Ba filashin da ake sokawa a jikin kwamfuta nake nufi ba, wata manhajar Adobe ce da ake yin hotuna masu motsi da ita a da. Acrobat 9 ne ya zo da irin wannan kundi a 2008, Acrobat X na 2010 ya ƙara masa ado, duk a kan Flash. Adobe ta daina kula da Flash a ƙarshen Disamba 2020, ta toshe shi daga 12 ga Janairu 2021. Shi ya sa sabon Acrobat na ofishinku ya jero miki fayiloli tsirara. Kwamfutarki ce kaɗai take zaune a 2010.

Injiniya, Sabon Gari: Abu mai sauƙi. Ki sa tsohon Reader X, manhajar Adobe ta karanta PDF, a filashi ki kai wa sakataren ya ɗora a kwamfutarsa, zai ga komai yadda kike gani.

Mai shagon buga takardu, Samaru: Haba Injiniya, a yi gudun gara a faɗa gidan zago? Manhajar da aka daina yi wa gyaran tsaro shekara da shekaru za a ɗora a kwamfutar ofishin mutane? Kuma sakatare ba shi ne mai dubawa ba, turawa zai yi gaba. Wanda za a tura wa yana iya zama farfesa a Sakkwato ko Maiduguri, a waya zai buɗe tsakanin la'asar da magariba. Shi ma filashin za a kai masa?

Injiniya, Sabon Gari: Na karɓi gyara. Ban yi tunanin masu dubawa na waje ba.

Hajiya mai ritaya, Kongo: 'Yata, na zauna a irin wannan kwamiti, bari in faɗa miki abin da ba za a rubuta a sanarwa ba. Mai dubawa yana da kundin mutum goma a gabansa. Wanda ya buɗe nan take shi ake fara karantawa, wanda ya ƙi buɗewa a ce "a tuntuɓe ta", kuma kin san yadda "a tuntuɓe ta" ke ƙarewa. Ba wanda zai ba ki maki don katinki ya yi launi. Ki yi fayil guda, shafi na bin shafi, ki sa jerin abubuwan da ke ciki a shafin farko, kowanne da lambar shafinsa. Ki bi tsarin da suka nema a fom ɗinsu, ba wanda ya yi miki kyau ba.

Mai shagon buga takardu, Samaru: Maganar Hajiya ita ce maganar. Ki buɗe kundin a tsohuwar kwamfutar, ki zaɓi fayilolin duka, ki danna Extract, ki juye su cikin folda ɗaya. Ki sake musu suna da lamba a gaba: 01, 02, har 23. Kar ki rubuta 1, 2, don wasu manhajojin sai su sa 10 a gaban 2. Daga nan Combine Files, amma ki lura, a nan mutane ke faɗawa: Acrobat X yana ba da zaɓi biyu, fayil guda ko kundi. In kika zaɓi na biyu kin sake ɗinka ambulan ɗin da kika farke. Reader na kyauta ba ya haɗa fayiloli. Wanda ba shi da Acrobat na kuɗi, PDF24 ko PDFsam Basic suna yi kyauta a kan kwamfuta. Ni dai ba na ɗora takardun shaidar mutane a shafukan intanet masu haɗawa, ban san inda suke kwana ba.

Ɗalibin digiri na biyu, Samaru: Malama, tunda Hausa kike koyarwa, akwai na Word a ciki? Kundin yana barin kowane fayil a yadda aka sa shi, na Word yana nan a Word. In da salon rubutun Rabi'at kika buga maƙalun, duk kwamfutar da ba ta da wannan salon rubutu za ta nuna ƙasa a matsayin }asa, ɗaya ta koma ]aya. Ni abin da ya same ni ke nan a babi na biyu, malamina ya yi ta ja min layi da jan biro. Ki mayar da su PDF a kwamfutar da kika buga su, tunda ita ke da Rabi'at, sannan ki buɗe a waya ki duba ƙugiyoyin da idonki.

Ɗan Tudun Wada: Ƙari kaɗan. In akwai takarda mai sa hannun dijital, haɗa ta da wasu yana ɓata sa hannun, ki tura ta daban. Sannan Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25.

Malamar Hausa, Gyallesu: Allah ya saka da alheri. Na yi yadda kuka ce bayan isha'i, ya zama shafi 214, megabait 21. Ƙanena na Samaru, Allah ya yi maka albarka, maƙala huɗu na Word ne kuma duk da Rabi'at. Da an gan su cike da baka-baka, a ce malamar Hausa ba ta iya rubuta ƙ ba. Na tura wa maigida ya buɗe a wayarsa, na tura wa 'yata a Kaduna, duk sun ga komai. Hajiya, na sa jerin a shafin farko. Da safe na sake tura wa sakatare, ya amsa cewa ya gani, sai dai wai takardar hidimar ƙasa ta fito a kwance. Mai shago, yaya ake miƙar da shafi ɗaya ba tare da an sake haɗawa ba?

Mai shagon buga takardu, Samaru: Rotate Pages a ƙarƙashin Tools, ki sa lambar shafin kaɗai, ki adana. Kar ki yi da juyawar da ke ƙarƙashin View, wannan a idonki kawai take miƙewa.