'Yata ta fara hira da baƙo a waya, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. 'Yata shekararta 11, na ba ta tsohuwar wayata saboda aikin gida da makaranta ke turowa ta WhatsApp. Daren jiya ta kawo min wayar jikinta na rawa. Ashe ta buɗe TikTok a ɓoye, wani da ba mu sani ba ya tambaye ta makarantar da take zuwa, ya ce ta turo masa hoto. Ba ta tura ba. Babanta ya ce a ƙwace wayar a zane ta, ni kuma hankalina bai kwanta da hakan ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata uwa daga Samaru:
'Yar uwa, ki roƙi Baban kada a taɓa ta. Yarinyar da ta kawo miki waya da hannunta, idan ta sha bulala yau, gobe ko me ya same ta ba za ki ji ba. Ki zaunar da ita ki sa mata albarka tukuna, sannan ki faɗa mata sunan makaranta, unguwa da hoto ba a ba wanda ba a sani ba, komai daɗin bakinsa. Kafin ki toshe mutumin, ki ɗauki hoton hirar ki ajiye.

Wani malamin firamare, Ƙofar Doka:
Hajiya, TikTok da Facebook da Instagram duk sai mai shekara 13 suka yarda ya yi rajista, to ƙaryar shekaru ta yi, wannan ma abin nasiha ne. Ki goge TikTok ɗin, ki sa manhajar kula da wayar yara ta Google Family Link, kyauta ce. Daga wayarki za ki iyakance mata awanni, kuma ba manhajar da za ta sauke sai kin amince. Ki koya mata kuma kada ta riƙa yaɗa hoton ƙawa ko maganar da ba ta tabbatar ba. Gulma a waya ma gulma ce.

Wata Hajiya daga Sabon Gari:
Ni dai a gidana waya ba ta kwana a ɗakin yara. Bayan sallar isha'i kowa ya kawo tasa falo, har ta babban.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baban, ya yi shiru, ya ce idan ta dawo Islamiyya mu zauna da ita mu uku.