Shin akwai kwanciyar hankali a sana'ar hannu, ko daga nesa ne muke ganin haka?

Abu Fatima:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin waɗanda suke ci da sana'ar hannu. Na sha jin ana cewa rayuwar da kowa yake buri, wadda babu gaggawa kuma babu fargaba a cikinta, tana nan a wurin marini da maɗinki da maginiyar tukunya. Ni ma'aikacin ofis ne, kuma zuciyata ta karkata ga wannan magana, amma ina gudun kada ya zama mu 'yan kallo ne muke ganin daɗi alhali masu aikin wahala kawai suke sha.

Ɗan Karofi:
Wa alaikumus salam, Malam. A gidan rini na tashi, kuma zan iya shaida maka cewa nutsuwar gaskiya ce, sai dai aikin ne yake koya wa mutum ita dole. Idan ka je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, za ka tarar har yanzu da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, sannan a bar shi kwanaki ana motsawa har ya nuna, kuma babu wanda ya isa ya sa shi sauri. Idan aka tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a kan idonka. Haka za a yi ta tsomawa ana ɗagowa har launin ya kai yadda mai kaya yake so. Mahaifina bai taɓa gajiya da kallon wannan juyewar ba har ya tsufa, ni ma haka. Daga nan a kai wa mabuga, su shimfiɗa a kan gungume su yi ta bugu har ya ɗauki sheƙi, irin na turkuɗin Kura da Buzaye suke saye tun kaka da kakanni. Wanda ya yini a haka yakan kwanta ya san abin da hannunsa ya yi a ranar.

Maman Khalifa:
Yaya, ban musa maka ba, amma a faɗa wa Malam ɗaya gefen. Ɗinkin hula nake yi a cikin gida, kuma hula guda mai cikakken aiki takan ci makonni, ido yana raɗaɗi, wuya yana sagewa. Idan na gama, dillali ne yake yanke farashi, yana kafa mini hujja da arahar hular inji. Ina son aikin ƙwarai, musamman idan mun zauna da maƙwabta a tsakar gida bayan la'asar, kowa da allurarta, muna hira muna duba zanen juna. Amma wannan daɗin yakan gushe a ranar da kuɗin makarantar yara ya taso hular ba ta sayu ba. Mai son mu samu kwanciyar hankali ya saya kai tsaye daga hannunmu, kuma ya rage tayin wulaƙanci.

Malamin Suleja:
Maganar Hajiya tana kan hanya. Ladi Kwali ta ƙware a ginin tukunya irin na Gbagyi tun tana yarinya, tana zana kadangare da kifi da kada a jikin tulu, amma sunanta bai zaga duniya ba sai da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garinmu a 1954, lokacin ana kiran garin Abuja, inda aikinta ya samu masu saye a Ingila. Yau hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Mata nawa ne masu irin hannunta da ba su samu wannan ƙofar ba?

Abu Fatima:
Na gode muku. Ɗan Karofi, ana karɓar babban mutum irina ya koyi rini a ƙarshen mako?

Ɗan Karofi:
Ana karɓa, Malam, idan ka nemi izinin dattawan wurin. Ka zo da sassafe da tsofaffin tufafi, domin da ɗaure zanen da za a rina da wanki za a fara maka kafin a bar ka ka taɓa ruwan baba.