Kwamfutata tana ɗaukewa kafin in sauka a Kano: wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida rabona da gida, kuma abin da nake rage kewa da shi shi ne Microsoft Flight Simulator, wasan tuƙa jirgin sama a kwamfuta, na 2020. Duk daren Juma'a nakan tashi a cikin wasan daga Jidda, filin jirgin Sarki Abdul'aziz, in tsallake Bahar Maliya, in ratsa Sudan da Chadi, in nufi filin Malam Aminu Kano. Tafiyar kusan awa biyar ce, kuma ba na gaggauta ta. Yau sati uku ke nan ban sauka ba. Da na fara gangarowa, gari ya fara bayyana, sai kwamfutar ta ɗauke ɗif kamar an zare fulogi, ta sake tashi da kanta. Katin hotona RTX 3080 ne, RAM 32GB. Sau biyu ina sake ɗora Windows. Wallahi abin yana ci mini rai.

Mai gyaran kwamfuta, Riyad:
Wa alaikumus salam. Malam, daina sake ɗora Windows haka nan, wahala kawai kake sha. Ciwon nan iri uku ne, kowanne da inda ake nemansa. Akwai wanda wasan kaɗai zai rufe, Windows tana nan lafiya. Akwai shuɗin allo mai rubutu. Akwai kuma naka, wanda komai ke mutuwa ba sallama. Buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ka gaya mana abin da ka gani. In Kernel-Power 41 ne, ka sani ba ya faɗin dalili, shaida ce kawai cewa na'urar ba ta kashe kanta bisa ƙa'ida ba. Sannan ka buɗe murfin gefe ka karanto mana takardar da ke manne a jikin akwatin wuta, wanda muke ce wa PSU.

Ɗalibi, Madina:
Nawa irin na farkon ne. Duk sanda na kusanci filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz sai wasan ya rufe, in ga lambar kuskure 0xc0000005. Ashe kayan ƙari ne da na tara a jakar wasan mai suna Community, jirage da filaye da fenti sun fi sittin. Na kwashe su duka, wasan ya tafi lafiya. Sai na riƙa mayar da rabi ina gwadawa, in sake raba rabin biyu, har na kama mai laifin: wani tsohon filin jirgi na kyauta da ba a sabunta shi ba. Kwana biyu na yi a kai. Na kuma goge ma'ajiyar taswirar da wasan ke tarawa daga intanet, don ita ma takan lalace.

Mazaunin Shari'ul Mansur, Makka:
Ni dai zafi nake zargi, ɗan'uwa. Mun san ƙasar da muke zaune. Bara da bazara tawa ta yi ta mutuwa, musamman in na kashe mukayyif, wato AC, don rage kuɗin wuta. Da na sa manhajar HWiNFO mai nuna zafi sai na ga firosesa tana haura digiri 95. Na buɗe akwatin, ƙura ta yi kirtani a jikin fanka kamar audugar katifa, man da ake shafawa tsakanin firosesa da mai sanyaya ta kuma ya bushe ƙayau. Na hure ƙurar, na shafa sabon mai, na ɗauke akwatin daga kan kafet na ɗora a tebur. Tun daga ranar ba ta sake ba. Ku kuma a Jidda ga laima ga gishirin teku.

'Yar'uwa, Dammam:
Yaya, ni shuɗin allo ne ya addabe ni, yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe wani suna daban. Ƙanena ne ya haɗa mini kwamfutar, ya kunna wani saiti mai suna XMP a BIOS don RAM ɗin ta yi gudun 6000 maimakon 4800. Sauran wasanni ba su taɓa nuna komai ba, sai wannan da ke cika RAM na tsawon awanni. Na bar MemTest86 mai gwada lafiyar RAM ya kwana yana aiki, da asuba na tarar da jajayen layuka. Muka rage gudun zuwa 5600, shi ke nan. Ka gwada ko da don ka cire shi daga lissafi.

Mai tambaya, Jidda:
Allah ya saka muku da alheri. Kernel-Power 41 ɗin ne. Zafin katin bai wuce digiri 74 ba, firosesa kuma 70 da 'yan kai. MemTest86 ya zagaya sau huɗu ba kuskure. Takardar akwatin wutan an rubuta 550W, sunan kamfanin ma ban taɓa jin sa ba. Da shi na sayi kwamfutar tun tana da ƙaramin kati, da na canza katin ban taɓa shi ba.

Mai gyaran kwamfuta, Riyad:
To Malam, ga inda gizo ke saƙa. Katin nan shi kaɗai yana jan wat 320, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 750. Bayan wannan, irin waɗannan katunan sukan fizgi wuta fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido. In akwatin ya ji fizgar ta fi ƙarfinsa, sai ya yanke wutar don kare kansa, shi ya sa ba ka ganin shuɗin allo: Windows ba ta samu ko damar rubuta komai ba.

Abin da ya sa kuma sai a Kano: kana sama a ƙafa dubu 37 katin hutawa yake, ba abin da yake zanawa sai sarari da hamada. Da ka gangaro, ga gajimare, ga gidaje, ga fitilun titin sauka, duk a lokaci guda, bayan akwatin ya sha awa huɗu yana ɗumi.

Amma kada ka saya don na faɗa. Na sha ganin mutum ya zo kasuwar kwamfuta ta Ulayya a nan Riyad ya zubar da riyal ɗaruruwa kan zato, ya koma gida matsalar tana nan. Sa manhajar MSI Afterburner, ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 70, ka ƙayyade hoto a 30 cikin daƙiƙa. Kada ka canza komai bayan wannan. Ka yi tafiyar yadda ka saba. Ka kuma duba ko waya ɗaya mai baki biyu ce ke ciyar da katin. Kowane soket na katin ya kamata ya samu wayarsa daga akwatin.

Dattijo, Kandara:
Yaro, ƙara da wannan. Tsofaffin gidajenmu na Jidda har yanzu akwai masu soket na volt 127 da na 220 a ɗaki guda. Ɗana ya taɓa jona tasa a wata 'yar jona mai arha tare da butar shayi ta lantarki, sai da muka ji ƙauri. Ka ba ta soket ɗinta na bango ita kaɗai.

Mazaunin Shari'ul Mansur, Makka:
Na yarda da maganar wutar. Duk da haka ka hure fankar akwatin wutan daga waje, shi ma yana shaƙar ƙura. Kada dai ka kwance shi, akwai wutar da ke kwana a ciki ko an zare fulogi.

Mai tambaya, Jidda:
'Yan'uwa, na sauka! Jiya bayan Isha'i na tashi da kashi 70 ɗin, na mayar da ita soket ɗin bango kamar yadda Baba ya ce. Da na wuce Njamena gabana sai faɗuwa yake, hannuna a kan sandar tuƙi har gumi yake. Fitilun Kano suka fito, taya ta taɓa ƙasa, na ja jirgin har wurin tsayawa na kashe injina da hannuna. Na daɗe zaune ina kallon allon. Wayar katin kuwa ɗaya ce mai baki biyu, yadda Malam ya yi hasashe. Zan bar ta a kashi 70 har albashi ya shigo. Malam na Riyad, 750 ɗin ya isa, ko in daure in kai 850?